Haƙƙinka a Wurin Dila: Garanti da Gyaran Motar A-kori-kura

Jawabin da wakilin kwamitin kare haƙƙin jama'a ya gabatar a taron wayar da kai na ƙungiya, a Jos Jarawa

 



Gabatarwa

Na san wasu za su yi mamaki a ce an tara jama'a a kan maganar haƙƙi, sai ga mai jawabi ya ɗauko zancen mota. Mun saba idan aka ce haƙƙi a garin nan, hankalinmu ya tafi ga takardar shaidar asali, da gurbin karatun yara, da ɗaukar aiki, da rumfar kasuwa. Waɗannan duk suna nan, kuma ba mu ajiye su ba. Amma akwai wani haƙƙi da ake tauye mana kullum ba tare da an yi taro a kansa ba, wato haƙƙin mutumin da ya fitar da kuɗinsa ya sayi kaya, kayan suka ba shi matsala, wanda ya sayar masa kuma ya juya masa baya.

Na zaɓi a-kori-kura ne saboda ba motar ƙawa ba ce. Ita ke ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, ita ke shigo da tumatir da kabeji da karas kasuwar Farin Gada, ita ke kwasar hatsi da katako daga kasuwar Katako zuwa unguwanni. Mota ɗaya tana ciyar da gidan mai ita, da gidan direba, da na yaron mota, da na 'yan dako. Ran da ta kwana a gareji, tukunya huɗu ko biyar ce ba a ɗora ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, kuɗin mota da na kayan gyara ya kai inda kuskure ɗaya kan iya cinye jarin mutum gaba ɗaya.

Jiya da yau

Dattawan da ke nan sun san zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda ake harhaɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975. Motoci ne da ba su da ɓoye-ɓoye. Bakanike na jin ƙarar inji zai gaya maka ciwon, ka gangara Dilimi ka sayo abin da ya lalace, kafin la'asar ka koma hanya.

Motocin yau ba haka suke ba. Hilux da takwarorinta na zamani kwamfuta ce ke sarrafa mai da wuta da birki, kuma akwai larurar da ba a gane ta sai an jona na'ura. Wannan ya sa mai mota ya fi dogara da dila fiye da dā. Duk inda dogaro ya yi yawa kuwa, nan ne ake samun kafar zalunci, sai fa idan mai dogaron ya san abin da yake nasa.

Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne a rubuce daga kamfanin da ya ƙera mota, cewa idan wani aibi na ƙira ya bayyana cikin wani wa'adi, za a gyara ko a sauya abin da ya lalace ba tare da an karɓi kuɗinka ba, na kaya ko na aiki. Wa'adin yakan zo ta fuska biyu, shekaru da nisan tafiya. A ce misali shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Kowane kamfani da nasa adadin, don haka a karanta littafin. A nan ne direbobinmu ke shan mamaki, domin motar da ke zirga-zirga tsakanin Jos da Bauchi da Kano tana iya cinye kilomitocinta tun shekarun ba su yi nisa ba.

Garanti ba alheri ba ne da dila yake yi maka. Kuɗinsa yana cikin farashin da ka biya. Haka kuma a bisa tsarin da aka saba, idan dila mai izini ya yi gyaran garanti, uwar kamfani ce ke biyansa. Saboda haka wanda ya karɓi kuɗinka a kan irin wannan gyara, ya ci biyu ke nan.

Sai dai garanti yana da iyaka. Ba ya ɗaukar abubuwan da ke cinyewa da aiki, kamar takalmin birki, da farantin kuloci, da baƙin mai, da filta. Taya da batir sau da yawa suna da nasu sharaɗin daban. Ba ya ɗaukar haɗari, wannan aikin inshora ne. Ba ya ɗaukar ɓarnar lodi fiye da kima, ko gurɓataccen mai, ko hannun wanda kamfani bai amince da shi ba.

Wa ya sayar maka?

Kafin ka ƙirga kuɗi, ka san wanda kake ciniki da shi, domin masu sayar da mota iri uku ne.

Na farko shi ne dila mai izinin kamfani. Shi zai ba ka littafin garanti mai hatimi, ɗauke da lambar shasi da ranar da aka miƙa maka mota.

Na biyu shi ne ɗan kasuwar da ya shigo da sabuwar mota da kansa, daga Dubai ko wata ƙasa. Motar sabuwa ce dal, ledar kujera ma ba a cire ba, amma an ƙera ta ne don wata kasuwa, kuma wakilin kamfani a Nijeriya yana iya cewa ba ta hannunsa ta shigo ba, don haka ba ya ɗaukar nauyinta. Idan irin wannan ɗan kasuwa ya ce maka akwai garanti, ka tambaye shi: na wa, kuma a wane gareji? Ya rubuta ya sa hannu.

Na uku shi ne mai tokumbo. A nan babu garantin kamfani a mafi yawan lokaci, sai abin da kuka rubuta tsakaninku. Ka duba takardun kwastan da kyau, musamman da yake gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairu na 2017. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Abin da doka ta ce

Kare haƙƙin mai saye ba sabon abu ba ne a duniya. Ran 15 ga Maris na 1962 shugaban Amurka John Kennedy ya gabatar wa majalisar ƙasarsa jawabi a kan haƙƙoƙin masu saye, shi ya sa ake tunawa da wannan rana duk shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata ƙa'idojin a 1985. A Nijeriya an kafa majalisar kare masu saye da dokar soja mai lamba 66 ta 1992. Daga baya aka yi sabuwar doka ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda aka fi sani da FCCPC.

Ga abubuwa biyar daga cikin wannan doka da ya kamata kowane magidanci ya haddace.

Na ɗaya, kana da haƙƙin a ba ka takardar ciniki, kuma idan kayan na hannu ne ko an sabunta su, dole mai sayarwa ya bayyana haka. Wannan yana sashe na 117 da na 118.

Na biyu, sashe na 131 ya ce kayan da aka sayar maka su kasance masu inganci, marasa aibi, masu iya aikin da aka saba yi da irinsu, kuma su jure na wani lokaci da hankali zai ɗauka.

Na uku, kuma wannan shi ne ƙashin bayan maganarmu, sashe na 132 ya ba ka garanti na doka, ko an rubuta maka ko ba a rubuta ba. Cikin wata 3 da karɓar kaya, idan suka gaza wannan inganci, kana iya mayar da su ba tare da tara ba, a gyara, ko a sauya, ko a mayar maka da kuɗinka. Idan aka gyara, kuma cikin wata 3 bayan gyaran matsalar ba ta kau ba ko wata ta ɓullo, to sai sauyi ko mayar da kuɗi.

Na huɗu, sashe na 130 ya shafi aiki, ba kaya kaɗai ba. Kana da haƙƙin a yi maka aiki a kan lokaci, a sanar da kai idan za a samu jinkiri, kuma a mayar maka da dukiyarka ba tare da ta fi yadda ka kawo ta lalacewa ba.

Na biyar, sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa. Idan ka ce kaya na da aibi, shi ne zai tabbatar da cewa ba su da shi.

Saboda haka rubutun nan da muke gani a gindin rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da su, ba ya soke haƙƙin da doka ta ba ka a kan kaya mai aibi.

Abin da addini ya ce

Wasu 'yan uwa suna ganin bin kadin irin wannan haƙƙi rashin tawakkali ne. Malamanmu suna nan, su ne shaida cewa fiƙihu ya riga dokar boko zuwa wannan wuri. A babin ciniki akwai zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, yana da damar mayarwa. An ruwaito hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, inda aka ba mai sayen zaɓin ya riƙe ko ya mayar. Mene ne bambancin wannan da motar da aka mayar da agogon kilomitanta baya? An kuma ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi kakkausan gargaɗi a kan algus. Haƙuri abu ne mai kyau, amma barin haƙƙin iyali a hannun mai ha'inci ba shi ne haƙurin da aka yaba ba.

Darasi daga koke biyu

Kwamitinmu ya karɓi koke biyu masu kama da juna, sakamakonsu kuma ya bambanta.

Na farko wani ɗan uwa ne da ya sayar da fili ya haɗa da kuɗin adashi ya sayi sabuwar a-kori-kura a wurin dila mai izini. Ba a rufa wata biyu ba giya ta fara ƙara tana fita da kanta. Ya mayar, aka riƙe motar makonni, kullum amsa ɗaya, kaya na hanya daga Legas. Da ya matsa, sai aka ce ai lodi ya yi mata, ya kawo kuɗi. Abin da ya cece shi takarda ce. Littafin sabis ɗinsa na da hatimi, kuma ran da ya ajiye motar ya karɓi katin aiki mai kwanan wata da adadin kilomita da bayanin matsalar. Muka rubuta wasiƙa, muka nemi a ba mu rahoton injiniya a rubuce da ke nuna lodi ne sanadi, muka aika kwafi ga uwar kamfani. Rahoto bai zo ba, gyara ne ya zo, kuma ko kwabo bai biya ba.

Na biyu shi ma motarsa sabuwa ce, kuma mai yiwuwa aibin na ƙira ne. Amma rasit ɗin da sunan maigidansa aka rubuta, sabis biyu a bakin titi aka yi su, kuma da inji ya fara zafi sai ya bari aka kwance shi kafin ya sanar da dila. Muka je, muka yi magana, amma hannunmu babu komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uzurin da aka saba ji

Akwai maganganu huɗu da kusan kowane mai koke yake dawowa da su daga gareji.

Za a ce maka gurɓataccen mai ka sha. Wannan yana faruwa, kowa ya tuna fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a watan Fabrairu na 2022 ya lalata motocin jama'a. Amma faɗa da baki ba hujja ba ce. Ka nemi a ɗebi man a gabanka a gwada, a ba ka sakamako a rubuce. Kai ma ka riƙa shan mai a gidan mai sananne, kana karɓar rasit.

Za a ce lodi ne. A nan sai mu gaya wa kanmu gaskiya. Irin waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba ko kusa da haka, buhu goma ke nan mai kilo 100. Wanda ya ɗora ashirin, ya ƙara ganyen sifirin a wurin mai walda, ya gangara Hawan Kibo da ita, shi ya yaga garantinsa da hannunsa.

Za a ce kaya ba su iso ba. Ka nemi lambar odar da ranar da aka yi ta, da ranar da ake sa ran isowa, a rubuce.

Za a ce haka duk irinta suke yi. Idan haka ne, to aibin ƙira ne, kuma kamfanoni kan kira motoci a dawo da su a gyara kyauta. An yi haka da miliyoyin motoci a duniya saboda jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, abin da ya kai kamfanin ga karyewa a 2017. Ka ba da lambar shasinka a duba ko motarka na cikin wani kira irin wannan.

Matakan da za a bi

Ranar saye, rasit ya fito da sunan mai motar na gaskiya, da lambar shasi da ta inji. Wanda ba ya karatun boko ya tafi da ɗansa ko wani daga ofishin ƙungiya. Kada a sa hannu a kan abin da ba a fahimta ba.

Sabis a yi shi a kan lokaci, a inda littafi ya ce, a buga hatimi. Na san halin garinmu. Tun rikicin Satumba na 2001, da na 2008 da 2010, akwai lokutan da dokar hana fita ko zaman ɗar-ɗar kan hana mutum zuwa wani sashe na gari. Idan haka ta faru lokacin sabis ya yi, ka aika wa dila saƙo a rubuce tun kafin wa'adi ya wuce, ka ajiye kwafi, kuma kada ka ci gaba da tara mata kilomita.

Idan matsala ta taso, ka tsayar da mota, ka ɗauki hoto ko bidiyo da waya, kada kowa ya kwance komai. Ranar ajiyewa ka karɓi katin aiki, a rubuta abin da ke cikin motar, har safaya da jak da yawan mai. Ranar karɓa ka nemi a nuna maka abin da aka cire, ka gwada motar tare da bakanikensu kafin ka sa hannu cewa ka gamsu.

Idan aka ƙi sauraronka, sashe na 146 ya buɗe maka ƙofofi. Ka fara da wasiƙa ga manajan dila, ka ba shi wa'adi, ka aika kwafi ga uwar kamfani. In ba a dace ba, ka kai ƙara hukumar FCCPC, wadda hedikwatarta ke Abuja, kuma tana karɓar koke ta intanet. Ƙofar kotu ma a buɗe take. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a tara matasa a je gareji da hayaniya. Wannan yana mayar da mai gaskiya mai laifi, kuma a gari irin namu ƙaramar husuma kan rikiɗe ta zama abin da ba a yi zato ba.

Wannan haƙƙi ba ya tambayar asali

'Yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Mun daɗe ana tambayarmu takardar asali a ƙofofi da yawa, har wasunmu suka ɗauka kowace ƙofa haka take, suka daina ƙwanƙwasawa. Dokar kare mai saye ba ta san ɗan ƙasa da baƙo ba. Ba ta tambayar garin kakanka, ko addininka, ko yarenka. Tambayarta ɗaya ce: ka saya? Ina shaida? Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya kuma hana nuna bambanci a sashe na 42. Takardar da za ta tsaya maka a wurin dila ba daga sakatariyar ƙaramar hukuma take fitowa ba, tana cikin aljihun motarka, in ka adana ta.

Haka kuma wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Manomin Berom ko Afizere ko Anaguta da ya sayi irin wannan mota, uzurin da ake ba mu shi ake ba shi. Idan maƙwabcinka ya zo da irin wannan koke, ka nuna masa hanya, ko ka kawo shi ofishinmu.

Sannan doka takobi ce mai kaifi biyu. Da yawa daga cikinmu dillalan mota ne, da masu kayan gyara, da makanikai. Abin da muke nema a wurin manyan diloli, shi ake nema a wurinmu. Wanda ya sayar da jabu da sunan na asali, ko ya mayar da agogon mota baya, ko ya riƙe motar mutane wata guda yana cewa gobe, kada ya zo ƙungiya neman ta tsaya masa.

Kammalawa

Kwamiti yana roƙon abu uku. Duk mai shirin sayen mota ya zo a duba masa takardu kafin ya biya, domin rigakafi ya fi magani. Duk mai koke ya kawo shi da wuri, tun wata ukun nan ba su wuce ba, tare da kwafin kowace takarda. Iyaye mata kuma, ku da kuka fi mu iya adana kaya, ku karɓi asalin takardun motar gida ku ajiye inda kuke ajiye takardun fili da na makarantar yara, a bar kwafi a mota.

 Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, Ya zaunar da garin Jos da Jihar Filato da Nijeriya lafiya.